Kirisantimam: Furen da Yake Lissafin Tsawon Dare

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Shukar da kuke gani a gabanku, wadda furanninta suka lulluɓe ta har ganye ya ɓace, ita ce kirisantimam. A ƙasashen da suke da sanyi mai tsanani, takan buɗe ne a kaka, daidai lokacin da yawancin furannin lambu suka gama yayinsu. Asalinta gabashin Asiya ne, kuma mutanen ƙasar Sin sun shafe fiye da shekara 2,000 suna noma ta. Daga can ta ƙetara zuwa Japan, inda har yau hatimin gidan sarautar ƙasar hoton wannan fure ne mai kunnuwa 16 a gaba. A Faransa kuwa, ita ake kaiwa kan kaburbura a ranar 1 ga Nuwamba.

Idan kuka tsinki fure guda kuka ɓare shi da yatsa, za ku tarar ashe tarin ƙananan furanni ne masu yawa suka haɗu a kai ɗaya. Na gefe dogaye ne masu launi, na tsakiya kuma gajeru ne masu kama da ƙananan bututu. Haka 'yan danginta suke, dangin da masana ke kira Asteraceae, wanda latas ma a cikinsa take.

Abin da ya fi muhimmanci mai lambu ya fahimta game da wannan shuka shi ne dalilin da ya sa take jira sai kaka. A shekarar 1920, wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana cewa akwai shuke-shuken da ba sa yin fure sai yini ya gajarta. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsawon duhu ne shukar take aunawa, kuma dole duhun ya zama a jere, ba tare da haske ya katse shi ba. Kirisantimam tana cikin wannan rukuni. Muddin dare gajere ne, ganye da rassa kawai za ta yi ta fitarwa. Da zarar dare ya kai kimanin awa 10 zuwa 12, gwargwadon iri, sai kan kowane reshe ya daina fitar da ganye ya ɗaura tohon fure. Daga nan zuwa buɗewa, yawancin ire-iren lambu sukan ɗauki kimanin mako 6 zuwa 8, wasu manyan ire-iren kuma su fi haka jimawa.

Wannan ilimi ne ya sa ake samun furen a kasuwa duk tsawon shekara. Masu nomansa a rumfunan gilashi sukan kunna fitila a tsakiyar dare idan suna so shukar ta ci gaba da tsawo, sa'annan idan lokacin fure ya yi su rufe ta da baƙin ƙyalle tun da yamma, su tsawaita mata dare. Mai ƙaramin lambu ma yana da darasi a nan. Idan ya dasa ta a ƙarƙashin fitilar titi ko fitilar ƙofar gida da take kwana a kunne, zai iya ganin shuka kore shar, lafiyayya, amma fure ya yi jinkiri ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya, shi kuwa mai lambun ya yi ta ƙara taki alhali matsalar tana rataye a saman kansa. A yankunan da suke kusa da tsakiyar duniya, inda dare da yini kusan daidai suke duk shekara, matsalar takan juya: shukar takan yi gaggawar ɗaura fure tun tana gajeruwa, don haka sai an ƙara mata haske da dare a makonnin farko kafin ta yi jiki. Zafi mai yawa, musamman na dare, shi ma yana jinkirta furen.

Bari mu bi ta cikin shekara. Watannin da zan ambata na arewacin duniya ne. A kudanci sai a juya lissafin da wata 6.

Lokacin dashe mafi kyau shi ne bayan sanyi ya wuce kuma ƙasa ta daina daskarewa, wajen Afrilu ko Mayu. A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Sukan sayi tukunya cike da fure a watan Satumba ko Oktoba, su dasa a ƙasa, hunturu ya zo ya kashe ta, sai su yanke hukunci cewa shukar ba ta wuce shekara guda. Gaskiyar ita ce, shukar da take cikin fure duk ƙarfinta yana kan furen, ba ta da sararin kafa saiwa kafin ƙanƙara ta sauka. Wadda aka dasa tun farko kuwa tana da watanni da dama na kama ƙasa. Ya kamata kuma a tambayi mai sayarwa ko irin na lambu ne mai jure sanyi, domin akwai ire-iren da aka ƙirƙira don ado a cikin ɗaki kawai, waɗanda ba za su rayu a waje ba ko da an yi musu duk abin da ya kamata.

A zaɓi wurin da rana take samu aƙalla awa 6 a yini. A inuwa shukar takan miƙe siririya, ta langaɓe, furenta ya yi ƙaranci. Ƙasar ta zama mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Idan laka ce, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gargajiya, a ɗaga kunya. Tsakanin shuka da shuka a bar santimita 45 zuwa 60. Tazarar za ta yi kamar ta yi yawa a ranar dashe, amma kafin kaka za su haɗe.

Sai aikin da, a ganina, shi ne ya raba gwanin mai lambu da wanda ya dasa ya bari, wato tsinke kai. Ku dubi wannan tsiro da kyau. Tsawonsa ya kai kimanin santimita 15, kara ɗaya tal, kuma a samansa akwai 'yan ganyaye masu laushi da ba su gama buɗewa ba. Za a sa babban yatsa da manuniya a tsinke santimita 2 zuwa 3 na wannan kai, daidai saman ganye. Hannu yakan yi nauyi a karon farko, domin mutum yana ganin kamar yana lalata abin da ya sha wahalar rainonsa. Amma a hammatar kowane ganye, inda ya haɗu da kara, akwai ɗan toho da yake kwance. Kan karan ne yake fitar da sinadarin da ke hana waɗannan tohon tashi, kuma da zarar an cire shi, cikin 'yan kwanaki sai a ga sun kumbura sun fito rassa. Idan sababbin rassan suka kai kamar santimita 15, su ma a tsinke kawunansu. Ta haka kara ɗaya yake zama rassa masu yawa, kowane reshe kuma da nasa furen, har shukar ta yi zagaye kamar ƙwaryar da aka kife. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma siffar da shukar za ta nuna a Oktoba a watan Mayu da Yuni ake tsara ta.

Sai dai tsinkewar tana da iyaka. A daina ta a farko ko tsakiyar Yuli. Wanda ya wuce haka tohon furen da kansa yake cirewa, kuma sanyi zai iya riskar shukar kafin ta buɗe. Wanda kuma yake son fure ɗaya babba, irin na gasar baje koli, akasin haka zai yi: zai bar rassa kaɗan, ya riƙa cire tohon gefe yana barin na tsakiya, ya kuma kafa sanda ya ɗaure karan don kada nauyin furen ya karya shi.

A tsakiyar zafi, ban-ruwa ne babban aiki. Saiwoyin kirisantimam ba su da zurfi, suna shimfiɗe ne kusa da saman ƙasa, shi ya sa take saurin jin ƙishi, shi ya sa kuma ba a son a yi mata noma da fartanya kusa da gindi. A tura yatsa cikin ƙasa. Idan saman ya bushe, a ba ta ruwa sosai da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne ƙofar funfuna da cutar ganye da ake kira tsatsa, musamman farar tsatsa, wadda take fara bayyana da ɗigo-ɗigo masu launin rawaya a saman ganye da ƙuraje farare a ƙarƙashinsa. Shukar da ta kamu da ita gara a tumɓuke ta a kawar da ita daga lambun. Darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan shuka, takan taru a kan sababbin toho, kuma feshin ruwa mai ƙarfi ko ruwan sabulun da aka tanada don shuke-shuke yakan rage ta. Idan aka ga farin zane yana karkacewa a cikin ganye, wata ƙaramar tsutsa ce take haƙa a ciki, sai a tsinke ganyen. Taki kuma a riƙa ba ta a kai a kai tun daga dashe, a dakata idan tohon fure ya fara nuna launi.

Idan kaka ta zo, aiki ya ragu. A ci gaba da ban-ruwa, a riƙa cire furen da ya bushe. Wanda aka yanka aka sa a ruwa yakan kai mako 2 bai yanƙwane ba, idan an cire ganyen da zai nutse. A kula da kyanwa da kare, domin cin shukar yana sa su amai da gudawa, kuma ruwan ganyenta yakan sa wasu mutane ƙaiƙayi, don haka safar hannu tana da amfani.

Bayan ƙanƙara ta ƙone ganye, kada a yi gaggawar sare busassun karan. A bar su tsaye, domin suna kare gindin shukar. Idan ƙasa ta fara daskarewa, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 8 zuwa 10. Abin da ya fi kashe ta a hunturu abu biyu ne: ruwan da ya kwanta ya ruɓar da saiwa, da kuma daskarewa da narkewar ƙasa a kai a kai, wanda yake ɗago saiwoyin waje iska ta busar da su. Inda sanyi ya wuce misali, a haƙe ta a sa a tukunya, a ajiye a wuri mai sanyi da ba ya daskarewa, ƙasar na da ɗan danshi kawai.

Da sanyi ya ja baya, a yaye ciyawar sannu a hankali, a yanke tsofaffin karan. Za a ga sababbin tsiro sun kewaye gindin. Duk bayan shekara 2 ko 3, a haƙo dunƙulen gaba ɗaya, a raba shi da wuƙa mai kaifi, a dasa ɓangarorin gefe masu tsiro da saiwa, a jefar da tsakiyar da ta tsufa ta zama itace. Wanda yake son ƙarin shuke-shuke kuma zai iya yanko tsiro mai tsawon santimita 5 zuwa 8, ya cire ganyen ƙasa, ya soka shi cikin rairayi mai danshi a wuri mai haske da rana ba ta dukansa kai tsaye. Cikin mako 2 zuwa 3 yakan yi saiwa, kuma furensa zai fito da launi da siffa irin na uwarsa sak, abin da ba a da tabbacinsa idan iri aka shuka.