Daga Richmond: Carole Simpson da daren muhawarar 1992

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau ina yi muku magana ne daga harabar Jami'ar Richmond da ke jihar Bajiniya a Amurka, kuma ginin jan bulo da kuke hangowa a bayana shi ne Robins Center, inda ɗalibai ke buga ƙwallon kwando. A cikinsa ne, a daren 15 ga Oktoban 1992, Carole Simpson ta zama baƙar fata mace ta farko da ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka. Abin lura shi ne, wannan birni shi ne hedikwatar jihohin kudu da suka ɓalle suka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 domin a ci gaba da bautar da kakanninta.

An haife ta a Shikago a 1940, ta kammala karatun aikin jarida a Jami'ar Mishigan a 1962, amma ba ta samu gidan jaridar da ya ɗauke ta ba, sai ta tafi aiki a kwalejin Tuskegee a Alabama. Ta rediyo ta shigo fagen, a tashar WCFL ta Shikago, a zamanin da masu gidajen rediyo ke ganin muryar mace ba ta da nauyin karanta labarai. Daga nan ta koma talabijin, ta yi aiki da NBC, sannan ta shiga ABC a 1982, inda ta riƙa karanta labaran daren Lahadi daga 1988 har zuwa 2003.

Muhawarar da aka yi a nan sabon salo ce a wancan lokaci, domin masu zaɓen da ba su yanke shawara ba su ne ke yin tambayoyi, ita kuwa tana zagayawa a tsakaninsu tana ba su dama. Wata matashiya ta tambayi George Bush da Bill Clinton da Ross Perot yadda bashin da ke kan ƙasa ya shafi rayuwarsu su kansu. Shugaba Bush, wanda kyamara ta riga ta kama yana duba agogon hannunsa, ya yi ta kame-kame, har sai da Simpson ta sa baki ta fayyace masa cewa matsin tattalin arziki matar take nufi. Clinton kuwa ya tako har gaban matashiyar ya amsa mata. A ganina, wannan 'yar gajeriyar sa baki ta nuna gwanintar wadda ta daɗe tana sauraron talakawa, ta san abin da suke nufi ko da kalmominsu sun kauce.

Duk da haka Simpson ita kanta ba ta gamsu ba, domin daga baya ta koka cewa tsarin ya mayar da ita mai miƙa makirufo kawai, alhali mazan da suka jagoranci sauran muhawarorin su ne ke tsara tambayoyinsu. Kuma ƙofar da ta buɗe ba ta daɗe a buɗe ba: sai a 2012 aka sake ba wata mace, Candy Crowley ta CNN, irin wannan aiki, kuma sai a 2020 wata baƙar fata, Kristen Welker ta NBC, ta jagoranci muhawarar Donald Trump da Joe Biden a Nashbil.