Yadda Na Tayar da Tsohon Babur ɗin Kawu da Hannuna

Assalamu alaikum jama'a. Wannan abin da kuke gani lulluɓe da buhu a kusurwar zaure, babur ne. Honda CG125 ne na kawuna, ya shekara tara a nan bai motsa ba, tun da ciwon gwiwa ya hana shi buga kik. Kaji sun mayar da kujerar wurin kwana, zanzaro ya yi gini a bakin salansa, tayar baya kuwa ta manne da ƙasa. Ranar da na ce zan tayar da shi da kaina, Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko fulogi ba ka taɓa kwancewa ba? To Allah ya ba da sa'a. In ya gagare ka, 'yan gwangwan suna nan."

Ni ba bakanike ba ne. Sha'awa ce kawai, aikin Asabar da Lahadi. Abin da zan nuna muku shi ne bi-da-bin da ya kamata a yi aikin, domin ni na fara ta wutsiya, kuma na ji a aljihuna.

Me ya sa na ce irin wannan babur ya dace da ɗan koyo? A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, su ga yadda ake mu'amala da babur. Suka tarar mutum ya ɗora iyalinsa kaf a kan babur guda, baƙin mai ba a canza shi sai ya koma kamar kwalta, ba a zuwa wurin gyara sai babur ya tsaya cak. Sai suka koma gida suka ƙera inji mai jure wulaƙanci, shi ne CG125 da ya fito a 1975. Silinda ɗaya, bawul biyu, babu sarƙar taimin a ciki, 'yan sanduna biyu ne ke tura bawul. Matatar iskarsa soso ce, ka wanke ka mayar. Har yau ana ƙera shi a Pakistan, kuma injinan Chaina masu yawa da ke yawo a titunanmu kwaikwayonsa aka yi. Ma'ana, kayan gyaransa ba sa wuya, kuma kusan duk bakaniken bakin titi ya san cikinsa.

Tsofaffin babura kuwa suna nan birjik. A Kano kaɗai, tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, wasu baburan suka koma ƙauye, wasu suka kwanta a soraye. Amma in saye za ka yi, kafin ka dubi inji, dubi takarda. Lambar da aka buga a wuyan babur da wadda ke jikin inji su zo daidai da na rasit. In mai sayarwa ya fara "wallahi takardun sun ɓata," ko ka ga alamar an goge lamba, yi masa sallama. Kada ka sha wahalar wata shida a kan kayan sata, ranar farko da ka fita a tare ka.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sifanar fulogi, filaya, sukundireba, tsohon burushin haƙori, kananzir da tsumma. Sayi lamba 10 guda biyu. Za ta ɓata, kowa tasa ɓata take yi.

Sai babban kashedi. Kada ka wargaza babur gaba ɗaya ranar farko. Ɗoki zai ce maka ka kwance komai ka wanke, bayan sati uku ka tsinci kanka gaban tulin ƙarafa ba ka san wace ƙusa ce ta ina ba. Yawancin baburan da aka fara gyarawa aka watsar, a nan suka mutu. Ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya. Kafin ka kwance, ɗauki hoto da waya. Bayan ka kwance, zuba notinan a gwangwanin madara ka rubuta sunan wurinsu a jiki.

Tambayar farko: injin yana juyawa? Cire fulogi, zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka danna kik da hannu, a hankali. Da hannu na ce, ba da ƙafa ba. In ya sauka sumul, alhamdulillahi. In ya cije, tsatsa ta kama ringi da jikin silinda. Kada ka hau kai da ƙarfin tuwo, za ka karya ringin. Zuba masa man gas, wato dizal, ka ba shi kwana uku ko huɗu, ka sa giya kana ɗan tura babur gaba da baya. Na Kawu rana ta biyar ya saki.

Kafin ka yi tunanin kunnawa, juye tsohon baƙin mai. Kusan lita ɗaya yake ci. A gefen hagu ta ƙasa akwai wani babban murfi, a bayansa akwai sifirin da 'yar rariya mai kama da hular yatsa. Wanke ta da kananzir, kuma ka dubi abin da ta tara da kyau. Baƙin datti ba komai ba ne. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, to wani abu yana cin wani a ciki, ka san da shi tun yanzu.

Daga nan abu uku inji yake nema: matsi, wuta da mai. In bai tashi ba, ɗaya daga cikinsu ne ya yi nusan, ba aljanu ba.

Matsi da babban yatsa ake gwada shi. Toshe ramin fulogi, wani ya buga kik. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, fus, akwai rai. In laushi ka ji, kada ka yi saurin cewa sai an yi borin, wato a faɗaɗa ramin silinda. Dubi tafet tukuna, wato 'yar tazarar da ke tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi. Injin yana sanyi, ka juya shi har alamar T da ke jikin faifan da ke juyawa a gefen inji ta zo daidai da layinta, bawul biyun duk a rufe, sai ka auna tazarar. Milimita 0.08 ake so. Za ka ga wasu bakanikai da reza suke aunawa, kuma babur ya tashi, amma ma'aunin ba shi da tsada, ka saya. In tafet ya matse, bawul ba zai rufe ruf ba, matsin ya riƙa zurarewa.

Wuta kuma, sa sabon fulogi a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara kake nema. Ja-ja mai kasala, ko babu gaba ɗaya, to bi waya. A tsohon babur, sau da yawa ba kwayil ne ya mutu ba, tsatsa ce ta hau bakin wayoyi ko ɓera ya ci wata. Na Kawu ɓera ne, ya gwigwiyi waya biyu a ƙarƙashin tanki. Ka kuma lura, na farko-farko batir mai bolt 6 suke amfani da shi, na baya-baya 12. Duba kafin ka saya, in ba haka ba ka ƙone ƙwayayen fitila.

Yanzu mai. A nan za mu daɗe, domin nan ne gidan matsalar duk babur da ya kwanta. Fetur ba ya son zama. In ya daɗe, mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo ja mai wari kamar tsohon fenti. Ku dubi cikin kofin kafiretan nan, kamar an soya manja an manta. Jet biyu ne a ciki, wato 'yan ƙusoshi masu huji da mai ke bi, babba da ƙarami. Babban na gudu ne. Ƙaramin shi ke riƙe inji yana silo, kuma raminsa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don haka shi ke fara toshewa. In babur yana tashi da cok, ka sauke cok ya mutu, kusan kullum wannan ɗan ƙaramin ne. Jiƙa su a kananzir, ka zare silin tagulla guda daga tsohuwar wayar lantarki ka zura a hankali, sannan ka ɗaga shi sama ka leƙa. Sai ka ga haske zagaye kamar wata. Kada ka sa allura. Allura ta fi jet ɗin tauri, za ta buɗa ramin, babur ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi, kuma ramin da ya buɗe ba ya komawa. Sukurun iska da ke gefe, kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya. Rubuta. Haka za ka mayar da shi.

Af, sukurorin Japan suna da wani hali. Kansu ya yi kama da na sukundireba mai baki huɗu da muka sani, amma ba daidai suke ba, shi ya sa suke saurin lalacewa. Danna da ƙarfi sosai kafin ka murɗa, in ya ƙi ka ɗan bubbuga gindin sukundirebar da guduma.

Sai tanki, inda na yi abin kunyata. Tun kafin injin ya yi ko tari, na kai tankin nan wurin mai fenti. Ja mai sheƙi, har da zanen gefe. Na rataye shi a ɗaki ina kallo kamar lefe. Ranar da na zuba fetur, ba a yi minti goma ba sai ga fentin ƙasan yana kumbura yana tattarewa kamar fatar tsohuwa. Ashe tsatsa ta ci shi ta ciki, ga ƙananan huji uku kamar na allura. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, can yake ɓarnarsa shekara da shekaru ba mai gani. Kawu ya leƙo ya ce, "Ka yi wa gawa kwalliya ke nan." Ban ce uffan ba.

Yadda ya kamata: haska tocila a ciki tun farko. Zuba notina cikin hannu guda da ɗan kananzir, ka girgiza har hannunka ya gaji, ka juye. Cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, ka zuba mai nan take, don tsatsa ba ta jira. In akwai huji, aikin mai walda ne wanda ya saba da tanki. Kada ka kusanto da wuta da kanka. Tankin da ya "ƙare" ya fi cikakke haɗari, tururin da ke ciki shi ke fashewa. Haka kuma kada ka kunna babur a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da sallama ba.

Na Kawu a bugu na goma sha ɗaya ya amsa. Ya yi tari, ya tofar da ginin zanzaron nan, ya cika zaure da farin hayaƙi, yara suka watse suna ihu. A wannan lokacin zuciya za ta ce maka hau ka zaga unguwa. Kada ka hau. Babur ɗin da ya tashi amma ba ya tsayawa, gara wanda bai tashi ba. Buɗe birkin gaba da na baya. Fatar birki in ta tsufa tana iya ɓallewa daga ƙarfenta ta cije taya kana cikin tafiya. Ƙurar ciki kuma kada ka hura ta da baki, goge da jiƙaƙƙen tsumma. Taya ko da zanenta bai cinye ba, dubi gefenta. Akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara: 2312 na nufin sati na 23 a 2012. Tayar da ta haura shekara goma, ga tsaga a gefe, ta gama aiki. Cen kuma ka bar masa sassauci kamar santimita 2, in haƙoran sifoket sun yi tsini kamar ƙaya ka canza su tare.

Wajen sayen kaya, ɗauki tsohon ka tafi da shi a hannu, ka ɗora a kan sabon a gaban mai shago. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ana dace da na kwance, kuma ni a ganina tsohon kafiretan asali da aka wanke ya fi sabon jabu mai ƙyalli. Za a ce maka, "Alhaji duk ɗaya ne, zai hau." Zai hau ɗin, amma hawa daban, aiki daban. Birki da taya dai ban yarda a nemi araha a kansu ba.

Fenti, kujera, madubi, su ne na ƙarshe. Nawa tankin har yanzu da tabon walda a gindinsa, ban sake fentin ba, kuɗin sun tafi a tayoyi. Ranar Juma'ar da ta wuce na sa hular kwano, na goya Kawu zuwa masallaci. Muna tafe yana kasa kunne, sai ya taɓa kafaɗata ya ce, "Tafet ɗin nan yana ɗan ƙara. Gobe ka sake aunawa."