Kawu ya ce korar mutane na zo koyo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hular nan da na ja har kunne, sanyin Birmingham ne, hunturun Kaduna wasan yara ne a gabansa. Huɗu ba ta cika ba amma kun ga gari ya fara duhu. Daga laburare nake, zan taka zuwa tashar bas, sai mu yi hirar a hanya.

Tun da na saki bidiyon da ya wuce ƙannenmu na Tudun Wada da Rigasa ke turo tambaya iri ɗaya: wai me ake koya a HR ɗin nan, wato fannin kula da ma'aikata da nake karantawa? Ba su kaɗai ba. Kawuna da ke da shagon atamfa a Kasuwar Gumi, ranar da aka gaya masa zan karanta fannin kula da ma'aikata, cewa ya yi, "Wato duk kuɗin nan da aka tara, korar mutane za ka je ka koyo? Ai ni na iya, ban hau jirgi ba."

A nan Ingila digirin shekara 3 ne, ba 4 ba kamar gida. Shekarar farko tare muke zama da 'yan akanta da 'yan fannin talla: tattalin arziki, lissafin kuɗi, ƙididdiga, Excel har sai ido ya yi ja. Wanda ya zaɓi fannin don ya guje wa lissafi, an gudu ba a tsira ba. Sai a shekara ta biyu ake shiga ainihin abin, yadda ake ɗaukar ma'aikaci, tsara albashi da alawus, horaswa, da dokar ƙwadago. A ajin dokar nan ne aka kunyata ni.

Malamar ta raba mu biyu-biyu, ta ce ni ne manaja, abokina ma'aikaci da ya makara sau biyar a wata guda. Na gyara zama irin na Kawu, na ce ya tattara ya tafi. Ajin ya yi tsit. Ta ce, ka tambaye shi dalili? Ina takardar gargaɗin farko? Wa ya rubuta ranakun da ya makara? Ka gaya masa yana da damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, yana kuma iya ɗaukaka ƙara? Ba ni da amsa ko ɗaya. A nan akwai hukumar sasanta rikicin aiki da ake kira Acas, ita ta shimfiɗa matakan, kuma idan kamfani ya tsallake su babu hujja, kotu na iya ƙara har kashi 25 cikin ɗari a kan diyyar da zai biya.

Da daddare ban iya barci ba, don wani abu ya dawo mini. Ina ƙarami akwai yaron shago da ya yi wa Kawu shekara bakwai. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ake aika Kantin Kwari saro kaya da kuɗi a aljihu, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Alkawarin kawai shi ne in lokaci ya yi za a sallame shi da jari. Nawa? Yaushe? Ba wanda ya faɗa, don tambaya ma rashin kunya ce. Da lokacin ya zo, Kawu ya ba da abin da yake gani alheri ne, yaron ya ga an cuce shi. Aka je gaban limami, aka je gaban dattawan kasuwa. Wallahi a cikinsu babu maƙaryaci, kowa abin da ya riƙe a ransa ya faɗa. Har yau ba sa gaisawa.

Mu mun ɗauka takarda alamar rashin yarda ce. Kana cewa a rubuta sai ka ji, "Haba, ni da kai?" Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Sallamar da aka ɗaga zuwa shekara bakwai, in ba bashi ba ce mece ce?

Da na zo rubuta aikin zango sai na kwatanta dokar nan da tamu, na ga ashe muna da ita, karantawa ne ba ma yi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Wanda ya kai shekara 5, sai an ba shi sanarwar wata guda kafin a rabu. Hutun shekara kwana 6 ne mafi ƙaranci, nan kuwa 28. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato yaran shagon Kawu, da masu aikin gidan burodin unguwa, da 'yan gareji, ba su ciki. Su a batun albashi, adalcin maigida kaɗai suka dogara da shi.

Ɗan Kaduna ba sai an yi masa lacca a kan wannan ba. Duk wanda ya taso yana jin labarin masaƙun Kakuri ya san dattawan da aka rufe musu ƙofa suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu. Shi ya sa da muka zo kan fansho na buɗe kunne: tun gyaran dokar fansho ta Najeriya a 2014, mai aiki zai zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke da sunan ma'aikacin, ba a aljihun kamfani ba.

Ba komai nake haɗiya ba fa. An koya mana ra'ayin wani masani mai suna Herzberg, wanda a 1959 ya ce albashi ƙorafi kawai yake kashewa, ba ya sa mutum son aiki. Na ɗaga hannu na ce a gwada faɗa wa malamin firamare da ke bin albashin wata uku. Malamar ta yi dariya ta ce in rubuta hakan, amma da hujja.

Masu son zuwa: kuɗin makaranta a nan yana da nauyi, kuma biza awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a mako in ana karatu, abin da za ka samu ba zai biya maka kuɗin makarantar ba. Ana karanta kasuwanci a ABU Zariya da KASU. Ko daga ina digirinka yake, in a Najeriya za ka yi aikin, za ka nemi shaidar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata da aka kafa tun 1968.

Makon jiya na rubuta shafi ɗaya da Hausa: sunan yaro, aikinsa, abin da za a ba shi duk wata, hutunsa, shekarun sallama da adadin jari, da gurbin shaidu biyu. Na tura wa Kawu ta WhatsApp. Kwana uku shiru. Jiya ya turo saƙon murya, ya ce ya gani, amma in cire layin hutun nan, su a kasuwa ba su san shi ba. Na ce Kawu a bar ko ranar Juma'a ce rabin yini. Bai amsa ba tukuna.

Ga bas ɗina nan ta iso, bari in nemo katina.