Lacca: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Ƙara Ƙarfi ga A-kori-kura Mai Injin Dizal

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? To madalla. Masu tsaye a bakin ƙofa ku shigo, akwai kujeru a gaba.

An nemi in yi magana a kan na'urar da ake sa wa a-kori-kura mai dizal don ta ƙara ƙarfi, da yadda mutum zai zaɓi wadda ta dace da shi. Abubuwa biyar na tsara, in Allah ya yarda za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, me na'urar nan take taɓawa? Injin dizal na yanzu kwamfuta ke tafiyar da shi, wadda makanikai ke ce wa ƙwaƙwalwar mota. Ita ke cewa nozul mai fesa mai a cikin inji ya buɗe yanzu, ya daɗe a buɗe gwargwadon kaza, matsin mai a bututu ya kai kaza, turbo, wato fankar da ke cusa wa inji iska, ya turo iska kaza. Kamfanin da ya ƙera motar bai saita ta a ƙurewar ƙarfinta ba. Ya bar rara, domin motar za ta faɗa hannun mai kula da marar kula, za ta shiga ƙasa mai zafi da mai sanyi, za ta sha mai kyakkyawa da gurɓatacce. To wannan rarar ita na'urar take ci. Ku riƙe wannan: ƙarfin da ka samu ba daga sama ya faɗo ba, kariyar da aka bar wa injinka ce ka kashe.

Iri uku ne. Akwai wadda ake cusawa a kafar OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, kafar da aka wajabta wa motoci a Amurka tun 1996, ta sake rubuta umarnin ƙwaƙwalwar. Su SCT da Bully Dog da Superchips suna yin irinta. Akwai ƙaramin akwati da ake haɗawa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa, ya riƙa gaya mata matsin mai bai kai ba, sai ta ƙara. Sannan akwai saitin da gwani zai rubuta wa motarka ita kaɗai, da kayan aiki irin su EFILive ko HP Tuners. Kowanne da amfaninsa. Akwatin yana da sauƙin cirewa, saitin gwani kuma kyansa gwargwadon gwanintar wanda ya rubuta.

Na biyu, zafi. Jama'a, nan ku ba ni hankalinku, don nan ne injuna suke mutuwa.

Injin dizal da mai ake ƙara masa ƙarfi. Ka ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Amma mai ba ya ƙonewa sai da iska. In ka ƙara mai, iskar ba ta ƙaru daidai da shi ba, ƙonewar sai ta ja baya, man ya ci gaba da ci da wuta har yana fita ta hanyar salansa. Hayaƙin da ke fita ya yi zafi fiye da kima. Wannan zafin shi ake rubutawa EGT. Kuma allurar zafi da ke gabanka ba za ta gaya maka ba! Ita ruwan lagireto take aunawa. Ruwa na nan lafiya lau, allura na tsakiya, kana sauraron rediyo, fistin yana can yana gasuwa. Kamar mai zazzaɓi ne da aka taɓa rigarsa aka ce ai jikinsa da sanyi.

Fistin ɗin yawancin motocin nan na alminiyam ne, alminiyam kuwa a digiri 660 na Salshiyas yake narkewa. Wani zai ce, to ai hayaƙin yakan wuce haka, me ya hana shi narkewa? Akwai ƙananan bututu da ke fesa masa baƙin mai daga ƙasa, ga kuma sabuwar iska da ke shigowa kowane zagaye tana sanyaya shi. Shi ya sa zafin ɗan lokaci, kamar ka taka don ka wuce wata mota, ba ya yin ɓarna. Wanda ke kisa shi ne zafin da ya daɗe. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce kada ya zauna sama da digiri 675 na Salshiyas, wato 1,250 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi.

Yaushe yake zama a can? Lokacin da ka ɗaure tirela, kana hawan tudu mai tsawo, giya tana sama, inji yana juyawa a hankali, ƙafarka tana ƙasa. Mai yana kwarara, turbo bai samu juyin da zai turo iska ba. Maganin a nan ka sauko da giya. Inji zai ƙara ƙara, kunnenka zai ce wahala yake sha, alhali numfashi ya samu, zafin sai ka ga yana sauka. Na ga wani yana girgiza kai. Alhaji, ka gwada da ma'auni a gabanka, za ka gani da idonka. Wanda ya sa manyan tayoyi kuma ya ƙara wa kansa wannan matsalar, don ya rage juyin inji a kowane gudu. Haka ƙasa mai tudu sosai, inda iska ba ta da kauri.

Saboda haka ni a wurina, na'urar da ba ta nuna maka EGT ba, ko ba ta tafiya da allon da zai nuna, ba ta kai a saye ta ba. Wadda ta fi kyau ma ita ce mai rage man da kanta in zafi ya kai iyaka, ba sai ta jira ka lura ba, don idonka yana kan hanya. Kuma ka tambayi inda aka dasa sensar. Wadda ke gaban turbo, kusa da inji, ita ke faɗin gaskiya. Wadda ke bayan turbo tana iya nuna ƙasa da digiri 100 ko fiye, ka ɗauka kana da sauran sarari alhali ka riga ka wuce gona da iri.

Har yanzu a kan zafin nan. In ka iso bayan doguwar tafiya da kaya, kada ka kashe inji nan take. Bar shi yana aiki a tsaye minti biyu ko uku. Turbo na da zafi, ka kashe, baƙin mai ya tsaya a cikinsa ya ƙone ya zama gawayi. Sannan baƙin hayaƙin nan da samari ke alfahari da shi, suna taka totur har na baya ya daina ganin hanya (dariya), wallahi man da ka saya ne yake fita bai yi maka aiki ba. Saiti mai kyau ba ya turnuƙe hanya.

Na nawa muke? Na uku ko? To na uku, giyabos. Inji zai iya ɗaukar ƙarin ƙarfin, giyabos ya kasa. Motar Ram mai injin Cummins 6.7 da giyabos 68RFE an san shi da haka, kulocinsa na ciki sukan fara zamewa. Ka nemi na'urar da ke gyara saitin giya tare da na inji. In motarka mai kuloci ce ta hannu, shi ma yana da iyakarsa. Ford mai Power Stroke 6.0, na 2003 zuwa 2007, gaskit ɗinsa ne ke fara ba da kai. Kowace mota da inda take da rauni, ka san na taka kafin ka ƙara mata nauyi.

Wannan ya kawo mu ga matakan ƙarfi. Za ka ga an rubuta na jan kaya, na yau da kullum, na tsere. Mai jan tirela ƙaramin mataki ne nasa. Lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta tsere ce, ba a jan kaya da ita.

Lokaci yana tafiya, bari in haɗa sauran. Ka tabbatar na'urar ta shekarar motarka ce da injinta, don injin Duramax na motocin Chevrolet da GMC na 2017 zuwa sama ƙwaƙwalwarsa a kulle take zuwa. Lokacin rubuta saiti ka haɗa batir da caja, in wuta ta yanke a tsakiya motar ba za ta tashi ba. Ka adana saitin asali. Garanti kuma kana iya rasa shi, don ƙwaƙwalwa tana barin alamar an taɓa ta ko da ka mayar da ita yadda take. Sai na huɗu... na'am, Malam, ga hannu can.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, an ce in aka cire matatar hayaƙi zafin yakan ragu, mai ma ya ragu. Me ya sa ba za a cire ba kawai?

Na gode, tambaya ce mai kyau. Matatar nan, DPF, tana kama toka mai laushi da ke shiga can cikin huhu. A Amurka ta shigo motocin nan ne daga 2007, daga baya aka ƙara tsarin ruwan DEF mai rage iska mai guba da ake kira NOx. Cire su laifi ne a dokar tsaftar iska ta ƙasar. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da rahoto a 2020 cewa a-kori-kura masu dizal fiye da 550,000 aka cire wa waɗannan kayan cikin kusan shekara 10, kuma ta ci tarar kamfanonin da ke sayar da na'urorin yin hakan. Wasu ƙasashen ma ba a ba irin wannan mota takardar lafiya. Ko babu doka, wanda ke bayanka a kan hanya shi ke shaƙa, wataƙila da yara a motarsa. Ni ba zan ba ka shawarar cirewa ba. Akwai na'urorin da ke aiki da matatar a wurinta, kuma hukumar CARB mai kula da tsaftar iska a jihar Kalifoniya tana ba waɗanda ta amince da su lambar da ake kira EO. Ka duba ta a jikin kwali.

Batun mai kuwa, kada ka yarda da lissafin da allo ke nuna maka bayan an sa akwati, don ƙwaƙwalwar ba ta san ainihin man da ke shiga ba. Cika tanki, rubuta kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa, ka raba da hannunka. Ka yi haka kafin ka sa na'urar, ka sake yi bayan ka sa, a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Akwai wani hannun? Bismillah, a miƙa masa abin magana.