Kwalin Hotunan da Na Tarar a Kasuwar Mauerpark

Assalamu alaikum jama'a. Yau raina ba daɗi, kuma sai na faɗa muku dalili kafin mu ci gaba da yawo. Ina Mauerpark a nan Berlin, inda kasuwar tsofaffin kaya ke ci duk ranar Lahadi. Igiyar rataya kyamara kawai na zo nema, sai idona ya faɗa kan wani kwali a ƙarƙashin tebur, cike maƙil da hotuna. Hotunan iyali fa! Amarya da ango, jariri a cinyar kakarsa, wani dattijo ya dafa motarsa yana murmushi. Mai kayan ya ce guda Yuro ɗaya, in na ɗebi da yawa zai rage mini. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Mutum ya rasu, an share gidansa, an juye duk abin da ya adana a kwali, mu kuma muna tonawa da yatsa muna zaɓe.

Ku duba wannan da na saya. Fari da baƙi ne, gefensa an yanke shi kamar haƙoran zarto, takardar ta koma ruwan ƙasa. Yara uku ne a bakin ƙofa, ƙaramar ta motsa kanta lokacin da aka danna, shi ya sa fuskarta ta ɗan dushe. Na juya bayansa, babu suna, babu shekara, babu komai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da wani ya ɗauki fensir ya rubuta kalma biyu, da yau an san ko su wane ne. Nan take albam ɗin mahaifiyata ya faɗo mini a rai, wanda take ɓoyewa a ƙasan akwati. Ita kaɗai ta san sunan kowa a ciki. Daren nan zan kira ta, mu bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Ku ma kada ku jira, tun masu sanin suna raye.

To, bari mu fita daga cunkoson nan. Filin da nake takawa yanzu, da can ba mai iya tsayawa a cikinsa. Katangar Berlin, wadda ta raba garin gida biyu, Gabas da Yamma, ta bi ta nan, an fara gina ta a 1961, ta faɗi a 1989, kuma wannan wurin sojoji ne ke gadinsa da bindiga a lokacin. Yanzu ga mutane nan suna cinikin tsofaffin agogo da faifan garmaho. In kun zo garin, ku riƙa kallon ƙasa. A wurare da dama akwai layi biyu na duwatsu a jere cikin kwalta, su ne alamar inda katangar ta bi. Yawancin baƙi suna takawa su wuce ba su lura ba. Ni kuwa sai na durƙusa na ɗauke su daf da ƙasa, da ƙafafun masu wucewa a sama.

Wannan kyamarar ce abokiyar yawona, sunanta Praktica, ƙirar birnin Dresden tun zamanin Jamus ta Gabas. Yuro arba'in na ba da a kanta, kuma tana da nauyi, ƙarfe ce zalla. Ku saurari ƙararta. Kun ji? Ba ta buƙatar batir don ta ɗauki hoto, na'urar auna haske ce kawai ke cin batir. Fim ɗin hoto 36 yake ɗauka, kuma yanzu ya haura Yuro goma kafin a zo maganar wanki, don haka ba a danna ta a banza. Sai ka tsaya, ka zagaya abin, ka jira rana ta sauko ta bugi gefen bango yadda kowane tsagu zai fito. Kwanan baya wani tsoho Bajamushe ya ga tana rataye a wuyana, ya tsayar da ni ya ce irinta mahaifinsa ya riƙe. Na nuna masa hoton wata Trabant da na ɗauka, ƙaramar motar nan da aka riƙa ƙerawa a Zwickau har 1991, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko sana'ata ce. Na ce a'a, sha'awa ce kawai. Gaskiya na ji daɗi ranar.

Abin da ya sa garin nan ya kama ni, ba sa gaggawar share tabo. Cocin tunawa da Kaiser Wilhelm, tsohon sarkin Jamus, bam ya rushe ta a 1943, suka bar hasumiyar a karye har yau, suka gina sabuwa a gefenta. A wasu tsofaffin gine-gine har ramukan harsashi na yaƙin duniya na biyu suna nan a jikin dutse, kana iya sa yatsa a ciki. Irin wannan nake bi, ba wuraren da kowa ke layi yana ɗaukar kansa ba.

Amma in gargaɗe ku. Jamusawa ba sa wasa da a ɗauki fuskarsu ba izini, ko mai kaya a kasuwa sai ka tambaya kafin ka ɗaga kyamara kan teburinsa. In za ku sayi tsohuwar kyamara, ku cire gilashin ku ɗaga shi ga haske. In kun ga wani zare-zare fari a ciki, fumfuna ce, ku ajiye. Ku buɗe bayanta ku taɓa soson da ke bakin murfin, in yana manne wa yatsa to haske zai shiga ya ɓata muku fim. Sannan a filin jirgi kada ku sa fim a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, na'urar binciken can tana ƙona shi. Ku riƙe a hannu, ku roƙi ma'aikatan su duba da hannu.

Saura hoto shida a fim ɗin nan, kuma rana ta fara karkata. Titin Bernauer yana nan kusa, inda suka bar wani yanki na katangar da hasumiyar masu gadi. Mu hanzarta kafin inuwa ta rufe shi.