Darasi: Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Maɓalli

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga maɓallai uku a gabana, irin waɗanda masu yawo da na'urar gano ƙarfe ke tonowa a gonakin Ingila.

Kafin komai, don Allah kada ku dirje shi da yashi ko lemon tsami. Tsinken sakace da burushi mai laushi sun wadatar. Wanda ya kankare maɓalli ya kankare shaidarsa.

To, ga na farko. Ku juya shi, domin labarin yana baya. Kun ga babu rubutu, launinsa toka-toka mai sheƙi, ɗan kunnen da ake zura zare kuma yana zaune a kan wani ɗan tudu? Wannan shi ake kira tombak, haɗin jan ƙarfe da tutiya. Ƙasa ba ta cinsa sosai, shi ya sa yake fitowa tas. Yawancinsu na ƙarni na 18 ne.

Na biyu shimfiɗaɗɗe ne, an yi masa ruwan zinare. Bari in matso da shi kusa. An buga "TREBLE GILT" a bayansa, wato ruwan zinare ninki uku. A 1796 majalisar Birtaniya ta yi doka a kan maƙeran da ke sa irin wannan rubutu alhali zinaren bai kai ba. Idan kun ga haka, ku sa ran farkon ƙarni na 19 ne, kuma galibi aikin Birmingham, garin da ya shahara da wannan sana'a.

Na uku na soja ne, kuma shi na fi so. A nan gaban ma yana magana. Tun 1767 aka fara sa lambar runduna a maɓallan sojan Birtaniya. Sai ku dubi kambin da ke sama: na Sarauniya Victoria ya tsaya a 1901, wanda ake kira kambin sarki ya biyo baya har 1952, daga 1953 aka koma na Sarauniya Elizabeth.

Wannan ya shafe mu ma. Wanda kakansa ya yi soja zamanin Turawa, ya duba tsohuwar akwatinsa. In ya ga maɓalli mai bishiyar kwakwa da haruffan RWAFF, wato Royal West African Frontier Force, rundunar sojan Birtaniya ta Afirka ta Yamma, to bai girmi 1928 ba, domin a shekarar ce aka ƙara wa rundunar harafin R ɗin.

Yanzu ku ɗauko naku, mu juya su tare.