Faifan Black Sabbath na 1970: Kiɗan da Aka Naɗa a Yini Ɗaya

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hauwa, ga Yaya Nasiru, ga Bello can yana fama da kofin shayi. Yau Yaya Nasiru ne ya zaɓo mana abin tattaunawa, kuma saboda shi jiya ban yi barcin kirki ba.

Nasiru: Haba Hauwa, tun ba a fara ba za ki ɓata min suna?

Hauwa: Kai ka turo min abu, ka ce in sa a kunne in kashe fitila. Na yi. Sai na ji ruwan sama, ga tsawa, ga ƙararrawar coci can daga nesa. Ina cewa shi ke nan, sai wani sauti ya faɗo min a ka kamar an saki ƙyauren ƙarfe. Na ce a'uzubillahi, na lalubo makunnin fitila.

Bello: Ni da rana na saurara, ina cin gyaɗa. Lafiya lau.

Nasiru: To abin da ya firgita ki shi ne buɗin faifan farko na Black Sabbath. Sunan ƙungiyar, sunan faifan, da sunan waƙar farko duk ɗaya ne. Ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa ke camfawa da rashin sa'a. Yawancin masu bin tarihin kiɗan da ake kira heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi, daga nan suke fara ƙirga.

Bello: Tsaya Yaya, a nan zan ja da kai. Led Zeppelin sun fitar da faifai biyu a 1969, kuma ba ƙaramar ƙara suke yi ba. Kalmar ma tana cikin wata waƙar Steppenwolf tun 1968.

Nasiru: Ba ka yi ƙarya ba. Amma waccan waƙar batun babura take yi, ba sunan wani salon kiɗa ba. Su kuwa Zeppelin, kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka suka ɗauko suka ƙara masa wuta, za ka iya taka rawa da shi. Waƙar da ta kori Hauwa fa? Wa zai yi rawa da ita? Tafiya take a hankali kamar ana jan gawar mota. Nauyin a nan yake, da kuma tsoro.

Hauwa: Ni tambayata ita ce wadda na san masu sauraro za su yi. Mutanen nan ba matsafa ba ne?

Nasiru: Zan zo nan, amma bari mu fara da inda suka fito. Samari huɗu ne daga Aston, unguwar talakawa a Birmingham: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bas, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mai waƙa. Birmingham gari ne na maƙera da masana'antu. An haife su 'yan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna wasa a kangayen da bam ya rusa. Ozzy ya yi aiki a mayanka, ya yi aikin gwada hon ɗin mota a wata masana'anta, ya yi sata bai iya ba aka kulle shi na 'yan makonni.

Bello: Gwada hon! Wato tun safe har yamma ɗiit, ɗiit. Dole kunnensa ya saba da hayaniya.

Nasiru: Shi kuwa Iommi, a masana'antar fallayen ƙarfe yake. Yana ɗan shekara 17, ya samu ƙungiyar da za ta tafi da shi yawon kiɗa, ya ajiye aiki. Ranarsa ta ƙarshe, kamar yadda shi ya bayar da labari, ya je gida cin abincin rana ya ce ba zai koma ba. Mahaifiyarsa ta ce a'a, je ka ƙarasa yininka. Ya koma, aka ɗora shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa.

Hauwa: Innalillahi! Ranar ƙarshe?

Nasiru: Ranar ƙarshe. Kuma bahago ne. Da hagu yake kaɗawa, da dama yake danne tsirkiya. Wato yatsun da ya fi buƙata su suka tafi. Yana zaune a gida ya fid da rai, sai manajan masana'antar ya kawo masa faifan Django Reinhardt, wani makaɗin jita da gobara ta lalata wa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa har ya shahara.

Bello: Nan ne wurin da na fi so. Bari in ƙarasa. Ya samo robar sabulun wanke-wanke ya narka ta, ya dunƙula, ya huda da ƙarfe mai zafi har yatsa ya shiga, ya goge ta ta yi sumul. Sai ta riƙa santsi a kan tsirkiya, sai ya yanko fatar tsohuwar jaket ya manna a kai. Aikin hannu sak, irin na masu gyaran rediyo. Shi ya sa ya sassauta tsirkiyar, sautin faifan ya yi ƙasa.

Nasiru: Ka yi daidai har zuwa jimlar ƙarshe. Sassautawar sosai sai a faifansu na uku, Master of Reality, a 1971. Abin da ya fara yi shi ne neman tsirkiya marasa kauri, har da ta banjo, don kada dannawa ta yi masa zafi. Kuma ka tuna, roba ba ta jin komai. Bai san inda yatsansa ya sauka ba sai da kunne. Shi ya sa ya karkata ga gajeren kiɗa mai kauri da ake maimaitawa, wanda su suke kira rif. Kusan duk abin da aka gina a wannan salo daga baya, a kan rif aka gina shi.

Hauwa: Har yanzu ba ka amsa min ba.

Nasiru: To, sunansu na da Earth, kuma bulus suke yi a mashaya, har Hamburg a Jamus, inda suke kwana suna kiɗa. Sai aka samu wata ƙungiyar mai wannan suna, dole su canza. Akwai silima kusa da inda suke gwaji, suna ganin mutane na layi suna biyan kuɗi don a tsorata su. Suka ce, to mu ma mu yi kiɗan ban tsoro mana. Sunan ma daga wani fim ɗin tsoro na 1963 suka ɗauko shi, wanda Boris Karloff ya fito a ciki.

Hauwa: Kasuwa ke nan.

Nasiru: Da kasuwa, da wani abu. Butler, wanda ya fi rubuta musu baitoci, ɗan gidan Katolika ne, amma ya ɗan yi rawar kai da littattafan sihiri. Ya ce wani dare ya farka ya ga baƙar siffa tsaye a ƙarshen gadonsa, daga nan ya watsar. Waƙar da kika ji, mutumin cikinta gudu yake yana roƙon Allah Ya cece shi. Gicciyen da aka kifar a cikin bangon faifan kuwa, kamfanin faifai na Vertigo ne ya sa, ba su ba. Ban ce ki so su ba, kuma rayuwar da suka yi daga baya ta shaye-shaye ba abin koyi ba ce. Amma wannan waƙar ta mai jin tsoro ce.

Bello: Ni abin da ya ɗaure min kai, sauti uku ne kacal a rif ɗin. Me ya sa suke tayar da tsikar jiki?

Nasiru: Tazarar da ke tsakanin biyu daga ciki. Kunne yana jiran sautin ya sauka inda ya saba, sai ya tsaya gab da wurin. Turawan zamanin da suna yi mata laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Ana yawan cewa coci ta taɓa haramta ta, amma wannan ƙarin gishiri ne, malaman kiɗa dai suna guje mata saboda wuyar rerawa.

Hauwa: Kuma wai a yini ɗaya suka naɗi duka?

Nasiru: A Oktoban 1969, a sutudiyon Regent Sound da ke Landan, da furodusa Rodger Bain. Kimanin awa 12. Abin da suke yi a dandali suka yi, Ozzy yana wani ɗan ɗaki yana waƙa a lokaci guda. Washegari suka kama hanyar Suwizalan don wani wasa. Ruwan saman da ƙararrawar ma bayan tafiyarsu aka ƙara.

Bello: Kuma ana jin gaggawar. Gaskiya gefe na biyu na faifan ya gundure ni, Iommi ya yi ta jan jita shi kaɗai har na gama gyaɗata.

Nasiru: Ban musa ba. Waƙoƙi biyu a ciki na aro ne, rabin faifan kuma bulus ne da bai gama rikiɗa ba. Masu sharhi sun yi musu kaca-kaca, Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya ce kwaikwayon ƙungiyar Cream ne, mara kyau ma. Duk da haka faifan ya kai na 8 a jerin waɗanda aka fi saya a Birtaniya, na 23 a Amurka. Wata bakwai bayan nan, a Satumba, suka fitar da Paranoid, ya hau na ɗaya a Birtaniya. A ganina shi ya fi kyau nesa ba kusa ba. Sai Judas Priest, su ma 'yan yankin Birmingham, suka zo suka tace sauran bulus ɗin, suka ƙara gudu.

Hauwa: 'Yan Black Sabbath ɗin suna raye?

Nasiru: Uku suna nan. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka haɗu a karo na ƙarshe a Villa Park, filin ƙwallon Aston Villa, a unguwar da suka tashi. Ozzy a zaune ya yi waƙa saboda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Kwana 17 bayan nan ya mutu, yana da shekara 76.

Hauwa: Ikon Allah. To zan sake saurara, amma da hantsi, ƙofa a buɗe.

Bello: Ki sayi gyaɗa kafin gefe na biyu.

Hauwa: Masu sauraro, mako mai zuwa ni zan zaɓa, kuma babu mai kashe fitila. Sai mun sake haɗuwa.